Kasa ɗanyun alƙaluma rukuni-rukuni: jadawali biyu sun saɓa a kan riɗin manoma 40

Sakataren ƙungiya, Taura

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malaman lissafi da masu aikin ƙididdiga da ke wannan zaure. Ni ne nake riƙe da littafin ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, kuma a kakar bana mun ɗora abin da kowane ɗan ƙungiya ya kawo sito a kan sikeli, muka rubuta nauyin da cikakken kilo, ba tare da ɗigo ba. Mutum 40 ne, ga alƙaluman kamar yadda suke a littafi, bisa jerin zuwan masu su:

62, 75, 50, 88, 71, 66, 94, 58, 70, 83
47, 69, 77, 60, 105, 73, 81, 55, 64, 90
70, 42, 86, 68, 79, 53, 61, 98, 72, 80
65, 74, 59, 108, 67, 76, 84, 60, 92, 70

Dattawan ƙungiya sun ce ba za a tsaya ana karanto lambobi arba'in a wajen taro ba, don haka suna son gajeren jadawali da zai nuna mutum nawa ne suka samu kaɗan, nawa ne suka samu da dama, musamman da yake akwai shawarar a tallafa wa duk wanda bai kai kilo 60 ba da iri a damina mai zuwa. Ni da ma'aji muka amince a kasa su goma-goma, wato 40 zuwa 50, 50 zuwa 60, haka har 100 zuwa 110. Da na ƙirga da hannu sai na samu 2, 5, 10, 11, 6, 4, 2. Ma'aji kuwa ɗansa ya yi masa a kwamfuta, ya fito da 3, 6, 11, 9, 6, 3, 2. Kowanne daga cikin biyun ya ba da jimillar 40, amma a nawa rukunin da ya fi yawan mutane shi ne na saba'in, a nasa kuma na sittin. Wani matashi da ya gwada tasa ƙidayar ma 48 ya samu, alhali ba mu da mutum 48.

Wanne ne daidai? Kuma akwai ƙa'idar da ake bi wajen sanin rukuni nawa ya kamata a yi, ko kowa zaɓar son ransa yake yi? Daga ƙarshe, idan dattawa suka nemi matsakaicin abin da mutum ɗaya ya samu, za a iya fitar da shi daga jadawalin? Allah ya saka da alheri.

Malamin lissafi, Ringim

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ba wanda ya yi kuskuren ƙidaya tsakaninka da ɗan ma'aji, matsalar tana wajen yadda kuka rubuta rukunan tun farko. Idan aka ce 60 zuwa 70 sannan 70 zuwa 80, to mutumin da ya kawo kilo 70 cif yana da gida biyu, kamar itacen da ya tsiro daidai kan iyakar gonaki biyu, kowane mai gona yana iya cewa nasa ne. A alƙalumanka akwai irin waɗannan guda takwas: 50 sau ɗaya, 60 sau biyu, 70 sau uku, 80 sau ɗaya, 90 sau ɗaya. Kai ka tura su rukunin sama, shi ya bar su a na ƙasa, matashin kuma ya ƙirga su ta ɓangarorin biyu, shi ya sa 40 ɗinsa ta koma 48. Dalilin abin da kwamfuta ta bayar sananne ne: umarnin FREQUENCY na manhajar lissafi ta Excel, mai ƙirga yawan lambobin kowane rukuni, yana ɗaukar lambar da aka ba shi a matsayin iyakar sama, kuma yana haɗawa da ita kanta, don haka wanda ya shigar da 50, 60, 70 ainihin rukunansa su ne 41 zuwa 50, 51 zuwa 60, 61 zuwa 70. Da ya shigar da 49, 59, 69, da jadawalinka zai samu ba tare da bambancin ko mutum ɗaya ba.

Yadda nake koya wa ɗalibai, ana farawa da neman lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma. A nan 42 ce da 108, tazarar da ke tsakaninsu 66 ke nan. Sannan a yanke shawarar yawan rukunai, kuma a nan ne tambayarka ta biyu ta shigo. Akwai ƙa'idar da Herbert Sturges ya wallafa a 1926, wadda ta ce a ninka log na yawan alƙaluman (log maɓalli ne a kalkuletar kimiyya, log na 10 shi ne 1, na 100 kuma 2) da 3.322 sannan a ƙara 1. Log na 40 kusan 1.602 ne, idan aka ninka aka ƙara ɗaya sai a sami 6.3, wato rukuni shida ko bakwai. Wanda ba shi da kalkuleta mai log yana iya tambayar kansa wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 40, zai ga tana tsakanin 6 da 7, amsa ɗaya ke nan a wannan karon, ko da yake hanyoyin biyu suna rabuwa idan alƙaluma suka kai ɗaruruwa. Ka lura cewa ƙa'idar Sturges jagora ce kawai, an gina ta ne bisa zaton cewa alƙaluman sun taru a tsakiya suna raguwa ta gefe biyu daidai wa daida, kuma ba kowace ƙidaya ce take da wannan siffa ba. Abin da ake gudu abu biyu ne: rukuni uku kacal zai haɗiye duk bambancin da ke tsakanin manoma, rukuni ashirin kuma zai bar ka da layuka masu mutum ɗaya ko babu kowa, ka ga ba a rage wa dattawa wahalar karatu ba.

Idan aka ɗauki bakwai, sai a raba 66 da 7 domin samun faɗin kowane rukuni, a sami 9.4, a ɗaga shi zuwa 10. Kullum sama ake ɗagawa, domin idan aka rage zuwa 9, rukuni bakwai da suka fara daga 42 za su tsaya a 104, su bar masu 105 da 108 a waje. Sai a rubuta iyakoki yadda ba za su haɗu ba, kuma a bi littafin sau ɗaya tak daga lambar farko zuwa ta ƙarshe, kowace lamba a ja mata ɗan kara a gaban rukuninta, na biyar ya gitta huɗun farko. Kada a ɗauki rukuni ɗaya a shiga farautar lambobinsa cikin littafi, domin ta nan ne ido yake tsallake wasu ya maimaita wasu. Ga abin da ya fito, lambar farko yawan manoma, ta biyu kuma jimillar da ke taruwa daga sama:

40–49: 2, jimilla 2
50–59: 5, jimilla 7
60–69: 10, jimilla 17
70–79: 11, jimilla 28
80–89: 6, jimilla 34
90–99: 4, jimilla 38
100–109: 2, jimilla 40

Akwai abin da ke rikita ɗalibai da yawa a jarrabawar WAEC da NECO, kuma ya shafe ka. Faɗin rukunin 60–69 goma ne, ba tara ba. Tunda cikakken kilo kuka rubuta, buhun da nauyinsa ya kai 59.6 an rubuta shi 60, wanda ya kai 69.4 an rubuta shi 69, don haka ainihin iyakokin wannan rukuni su ne 59.5 da 69.5, kuma tsakaninsu 10 ne. Waɗannan iyakoki na ainihi su ake sawa idan za a zana histogiram, wato zanen sanduna mai nuna yawan mutanen kowane rukuni, domin sandunan su manne da juna ba tare da giɓi ba. Tsakiyar rukuni kuma ana samun ta ne ta haɗa iyakar ƙasa da ta sama a raba biyu, wato 64.5 a wannan rukuni.

Game da matsakaici, ana ninka tsakiyar kowane rukuni da yawan mutanensa, a tara, a raba da 40. Tsakiyoyin su ne 44.5, 54.5, har 104.5, kuma ninkin ya ba da 89, 272.5, 645, 819.5, 507, 378 da 209, jimilla 2,920, matsakaici kilo 73. Amma na tara ɗanyun alƙalumanka kai tsaye na samu 2,902, wato matsakaicin gaskiya 72.55 ne. Kilo 18 ɗin nan da ya ƙaru ba daga sito ya fito ba, farashin kasawa rukuni-rukuni ne, domin da zarar an yi jadawali ana ɗaukar kowa kamar yana tsakiyar rukuninsa. Tunda littafin yana hannunka, ka faɗa wa dattawa 72.55, ka bar lissafin tsakiyoyi ga wanda jadawali kaɗai ya tarar.

Tsohon ma'aikacin ƙidaya, Gumel

Madalla da bayanin Malam, ban ga inda zan gyara a lissafinsa ba. Sai dai ina so in tsaya a kan lambobi takwas ɗin nan da ya ambata ya wuce, domin a ganina su ne zuciyar al'amarin. A cikin awo 40, idan sikeli ake karantawa tsakani da Allah, kusan huɗu ake sa ran su ƙare da sifili, tunda lambobin ƙarshe goma ne kuma babu dalilin da zai sa nauyin riɗi ya fi son ɗaya a kan saura. A littafin Sakatare takwas ne, ninki biyu ke nan. Da alƙaluma kaɗan irin waɗannan ba zan rantse ba, yana iya zama dace, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli mai allura a ranar da jama'a suka yi layi ya san yadda abin yake: allura tana rawa tsakanin 69 da 71, mai karantawa ya ɗaga murya ya ce saba'in, marubuci ya rubuta, a sauke buhu. A ƙidayar jama'a wannan sanannen ciwo ne wajen shekaru, inda masu 38 da masu 42 duk suke cewa arba'in, har akwai ma'aunin Whipple da ake gwada yawan shekarun da suka ƙare da 0 ko 5 da shi.

Abin da wannan yake nufi ga jadawali shi ne, idan lambobi suna cunkushewa a kan 50, 60, 70, to mafi munin wurin kafa iyaka shi ne daidai kansu, kuma nan ne jadawalin Sakatare da na ma'aji duka suka kafa tasu. A na Sakatare masu saba'in uku suna bakin ƙasa na rukuninsu amma ana lissafa su kamar 74.5, shi ya sa matsakaici ya hau zuwa 73. A na ma'aji suna bakin sama ana lissafa su kamar 65.5, kuma da na gwada na samu jimillar 2,880, matsakaici 72. Ɗaya ya zarce, ɗaya ya gaza. Yanzu a gwada farawa daga 35 maimakon 40, faɗin yana nan goma: 35–44 mutum 1, 45–54 mutum 3, 55–64 mutum 8, 65–74 mutum 12, 75–84 mutum 8, 85–94 mutum 5, 95–104 mutum 1, 105–114 mutum 2. Tsakiyoyin sun zama 39.5, 49.5, 59.5, 69.5 da sauransu, wato lambobin da suka cunkushe sun faɗo kusan daidai tsakiya, jimillar ta fito 2,900, matsakaici 72.5. Tsakaninsa da na gaskiya bai wuce kashi biyar cikin ɗari na kilo ba. Rukunan sun zama takwas, sun ɗan haura abin da Sturges ya ce, kuma ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Haka abin yake ga lambar tsakiya, wadda rabin manoma suke ƙasa da ita rabi suke sama. Idan aka jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba, na 20 yana da 70, na 21 yana da 71, don haka 70.5 ce. Daga jadawalin da ya fara da rukunin 40–49, mutum na 20 yana cikin rukunin 70–79, an riga an wuce 17, saura 3 cikin 11, kuma lissafin yana zaton mutum 11 ɗin sun bazu daidai a faɗin rukunin, sai ya ba da 69.5 da ƙarin 2.7, wato 72.2. Daga jadawalin da ya fara da 35 kuwa, 64.5 ne da ƙarin 8 cikin 12 na goma, wato 71.2, wanda ya fi kusa. Sannan kada a yi ta jayayya a kan ko rukunin sittin ne ya fi yawa ko na saba'in, domin mutum uku kacal ne suke juya wannan amsa. Abin da alƙaluman suke faɗa da gaske shi ne yawancin 'yan ƙungiya sun taru a kewayen kilo 70.

Ma'aikaciyar lafiya, Kazaure

Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka ta gamsar da ni ta fuskar lissafi, amma ina roƙon a sake duba dalilin da ya sa Malam Sakatare yake son jadawalin. Dattawansa sun ce za a tallafa wa wanda bai kai kilo 60 ba. A jadawalin da ya fara da 35, lambar 60 tana binne a cikin rukunin 55–64, kuma babu yadda mai kallon takardar zai san ko nawa ne daga cikin mutum takwas ɗin suka cancanta. A jadawalin 40–49 kuwa amsar tana fili a layin jimilla: mutum 7, kashi 17.5 cikin ɗari. Na ma'aji zai ce 9, domin ya haɗa da masu 60 cif guda biyu, waɗanda bisa lafazin shawarar sun kai, ba su cikin lissafi.

A aikinmu haka muke yi da awon damtsen yara masu wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya, daga 12.5 zuwa sama kuma yaro ya fita daga wannan sahu. Ba wata ƙa'idar yawan rukunai ce ta kafa waɗannan iyakoki ba, an kafa su ne a wurin da hukunci yake canjawa, kuma madaurin awon ma da launi ja da rawaya da kore ya zo don kada ma'aikaci ya yi shakka. Idan jadawali na yanke shawara ne, iyaka ɗaya dole ta zauna daidai inda shawarar take, ko da matsakaicin da za a fitar daga gare shi zai ɗan karkace, tunda Malam ya riga ya nuna cewa matsakaicin gaskiya yana samuwa daga littafi.

Amma maganar Baba tana da wani amfani a nan da ban so a rasa. Idan mai sikeli yana zagaye lamba, to mutum biyun da aka rubuta wa 60 wataƙila ɗayansu 59 ya kawo, kuma wannan zagayen zai hana shi iri. Idan buhunansu suna sito, a sake auna su kafin taro.

Ƙarin abu ɗaya: idan dattawa suka ce bakwai ya yi yawa aka haɗe wasu rukunai, misali aka mai da 80 zuwa 109 rukuni guda mai mutum 12, to a jadawali ba laifi, amma a zane kada a ja sandarsa ta kai tsawon 12. Faɗinsa ninki uku ne na saura, don haka 12 za a raba da 3, tsawonsa ya zama 4, in ba haka ba zanen zai nuna kamar manyan masu girbi ne suka fi kowa yawa.

Sakataren ƙungiya, Taura

Na gode ƙwarai, Malam, Baba da Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa dattawa jadawalin 40–49 tare da layin jimilla, in rubuta matsakaicin 72.55 a ƙasansa, kuma buhunan mutum biyun suna nan ba a kai kasuwa ba, za mu sake ɗora su. Saura tambaya ɗaya. Ƙungiya tana shirin sayen sikeli mai nuna lamba, wanda yake ba da ɗigo ɗaya, kamar 69.7. Idan muka rubuta 60–69 da 70–79, ina mai 69.7 zai shiga?

Malamin lissafi, Ringim

Ba shi da wuri a wannan rubutun, Malam Sakatare, don haka rubutun ne zai canja ya bi sikelin. Ko dai ka rubuta 60.0–69.9 da 70.0–79.9, inda ainihin iyakokin za su koma 59.95 da 69.95, tsakiya kuma 64.95, ko kuma ka rubuta da kalmomi, "daga 60 zuwa ƙasa da 70", ka ɗauki 65 a matsayin tsakiya. Na biyun ya fi sauƙin karantawa a gaban taro, kuma ya dace da lafazin shawararku ta "bai kai 60 ba". Duk wanda ka zaɓa, ka rubuta shi a saman shafi kafin a fara awo, ka ba ma'aji irinsa, kuma idan ɗansa zai sake shigarwa a kwamfuta, iyakokin da zai bayar su ne 49.9, 59.9, 69.9 har zuwa ƙarshe. Idan kuna son kwatanta kakar baɗi da ta bana, ku riƙe iyakoki iri ɗaya a shekarun biyu, kuma tunda yawan 'yan ƙungiya yana iya canjawa, ku kwatanta kashi cikin ɗari maimakon yawan mutane. Na bana su ne 5, 12.5, 25, 27.5, 15, 10 da 5.